Filin Tambaya da Amsa: Dabbobi Marasa Baki da Tsirrai Marasa Ƙofofin Numfashi

A fitowar watan jiya, cikin wani bayani da muka yi a kan ƙananan halittu, mun faɗa a taƙaice cewa ba kowace dabba ce ke da baki ba, kuma ba kowane tsiro ne ke da ƙofofin shaƙar iska a jikin ganyensa ba. Maganar ta jawo wasiƙu daga Katsina da Daura da ƙauyukan da ke kewaye da su, wasu suna neman ƙarin haske, wasu kuma suna ganin azarɓaɓi kawai aka yi. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya, daga wani malamin Islamiyya a Ƙofar Marusa, Katsina: Assalamu alaikum. Hausawa na cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma abin da muka taso muka sani shi ne duk mai rai mai motsi ta baki yake ci. Ta yaya dabba za ta rayu ba ta da baki? A kawo mana misalin da ba sai mun haye teku za mu gan shi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, misalin da ya fi kusa yana cikin hanjin ɗan Adam, kuma shi ne tsila, doguwar tsutsar nan fara mai faɗi wadda guntayenta ke fita tare da bayan gida, wani lokaci ma su rarrafo da kansu. Irin da ake ɗauka daga naman shanu, wanda masana ke kira Taenia saginata, yakan kai tsawon mita 4 zuwa 10, kuma jikinsa gaɓoɓi ne a jere waɗanda kan kai 1,000 zuwa 2,000, amma duk da wannan tsawo ba a samun baki ko maƙogwaro ko tumbi ko hanji a ko'ina cikinsa. Abin da ake kira kan tsila ɗan ƙanƙanin abu ne da bai wuce milimita 2 ba, yana ɗauke da mariƙai huɗu zagayayyu waɗanda take mannewa da su a bangon hanji don kada abinci ya tura ta gaba. Ba ta tsotsar komai da su.

Yadda take ci kuwa yana tattare da inda ta zauna. Mazauninta ƙaramin hanji ne, wurin da abinci ke isowa bayan haƙora sun tauna shi, ruwan tumbi mai tsami ya jiƙa shi, ruwan maɗaciya da sauran ruwayen narkarwa sun mai da shi ruwa-ruwa, ya zama sukari da sauran sinadaran da jiki ke sha kai tsaye. Fatar tsila a lulluɓe take da wasu 'yan tsinkaye da ido ba ya gani, waɗanda ke ninka faɗin fatar, kuma ta nan narkakken abincin ke ratsawa ya shiga jikinta daga kai har wutsiya. Shi ya sa ma take da faɗi ba kauri, domin kada wani sashe na jikinta ya yi nisa da fata.

Daga nan ake gane aikin baki. Dabbar da abincinta ke warwatse, kuma yake zuwa a dunƙule, dole ta neme shi, ta kama shi, ta farfasa shi, ta kuma tanadi wani wuri a cikinta da za ta riƙe shi har ya narke, kuma baki shi ne mashigar wannan wuri. Wadda take kwance tsamo-tsamo a cikin abincin da wani ya riga ya narkar ba ta da abin da za ta yi da shi. Ba kuma duk tsutsotsin ciki ne haka ba. Doguwar tsutsar nan zagayayya da yara kan fitar tana da baki mai leɓɓa uku da hanji cikakke, mai ƙugiya da ke shiga ta tafin ƙafa tana da bakin da take kafawa a bangon hanji ta sha jini, har ma tsutsar nan mai faɗi da mahauta ke gani a hantar shanu, wadda dangi ce ta kusa ga tsila, tana da bakinta da hanjinta.

Akwai misali na biyu wanda ba ya rayuwa a jikin kowa, wato soson teku, dabbar da ke manne a kan duwatsu a ƙarƙashin ruwa wadda aka daɗe ana zaton tsiro ce. Jikinta cike yake da ƙananan huji, a cikinsu kuma akwai ƙwayoyin halitta masu gashi guda-guda da ke kaɗawa ba dare ba rana, su ja ruwa ciki, kowace ƙwaya ta tsinci abin da za ta ci daga ƙananan halittun da ruwan ya ɗauko, sannan ruwan ya fita ta wani babban rami a sama. Wannan babban ramin mafita ce, ba a cin komai ta nan.

Game da karin maganar da Malam ya kawo, ba mu ga inda ta yi karo da wannan ba, domin alkawari ta yi wa wanda aka tsaga wa baki, ba ta ce wanda ba a tsaga wa ba ya rasa. Malam ya fi mu sanin aya ta 6 a Suratu Hudu, wadda ta ɗora arzikin kowace dabba a kan Allah ba tare da ta ƙayyade hanyar da arzikin zai bi ba.

Tunda an ambaci tsila, ya kamata a faɗi yadda ake kauce mata. Saniya takan ɗauki ƙwan tsila ne idan ta yi kiwo a inda mai ɗauke da tsutsar ya yi bahaya a fili, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinta ya zama 'yan ƙulluttuka farare a cikin tsoka, musamman naman muƙamuƙi da harshe da zuciya, wuraren da likitan dabbobi ke tsagawa ya duba a kwata. Wanda ya ci naman da wuta ba ta ratsa tsakiyarsa ba, cikin wata biyu zuwa uku tsutsar ta girma a hanjinsa. Tsire ko balangun da cikinsa ke da sauran ja a mai da shi kan wuta, wanda kuma ya ga guntaye a bayan gidansa ya je asibiti, domin maganin praziquantel, wanda shi ne ake bayarwa don tsargiya, yana kashe ta.

Tambaya, daga wani mahauci a Daura: Ranka ya daɗe, mu idan muka fasa kan rago ko na akuya, sau da yawa mukan tarar da wasu tsutsotsi masu kauri a kogon hanci, har can kusa da gindin ƙaho. Wasu na cewa a ciki ake halittarsu, wasu na cewa su ne ke sa rago juwa. Su ma irin tsila ne marasa baki?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Tsutsar da kake gani tana da baki, har da ƙugiyoyi biyu baƙaƙe da take maƙalewa da su, kuma majina da ruwan da ke fita daga fatar kogon hanci take ci. Amma tambayarka ta faɗo daidai, domin uwar wannan tsutsa ce ba ta da bakin ci. Wani ƙuda ne toka-toka mai suna Oestrus ovis, tsawonsa ya ɗan ɗara santimita 1, wanda tamatarsa ba ta saka ƙwai, sai dai ta zo a guje da rana tsaka ta fesa 'yan tsutsotsi masu rai a ƙofar hancin tunkiya ko akuya. Idan ka ga tumaki a lokacin zafi sun haɗa kai wuri ɗaya, sun kafa hanci a ƙasa suna buga ƙafa, sau da yawa wannan ƙudan suke gudu. Tsutsotsin sukan haura cikin kogon hanci su girma har su kai santimita 2 zuwa 3, dabbar ta atishe su ƙasa, su shige cikin turɓaya su ƙulle kansu a ɓawo, bayan wasu makonni ƙuda ya fito. Daga ranar da ya fito har ya mutu ba ya ci ba ya sha, domin kayan bakinsa a shanye suke, kuma kitsen da ya tara a kan ragon yake ƙonawa har ya gama barbara da haihuwa. Raƙuman da ake kawowa kasuwar Mai'aduwa suna da nasu irin, wanda ake kira Cephalopina titillator, kuma shi ma haka rayuwarsa take.

Wannan wani rukuni ne daban da na tsila, kuma yana da yawa a cikin ƙwari. Su halittu ne da suka raba rayuwarsu biyu, ƙuruciya ta ci, girma na aure. Ƙwaro mai fukafukin da tsutsar siliki ke rikiɗa ta zama ba ya cin komai a 'yan kwanakin da yake yi a duniya. Akwai wani ƙwaro mai laushin jiki da ke shafe watanni, wani irin ma fiye da shekara, yana kiwo a ƙarƙashin ruwan kogi, amma idan ya yi fiffike ya tashi sai ya rayu awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, hanjinsa ma cike yake da iska don ya rage masa nauyi. Namijin farin ƙwaron nan mai kama jikin rogo da gwanda da mangwaro shi ma ba ya ci, tamatar ce ke kafa baki ta tsotsi ruwan tsiro. Shinge kuwa, da wani ya tambaya ko shi ma ba shi da baki, yana da bakinsa daram.

Maganar juwa tana da wani tushe dabam. Tsutsar hanci takan sa atishawa da majina mai kauri da rama, ba kasafai take taɓa ƙwaƙwalwa ba, kuma ba ta ɓata nama, allurar ivermectin da likitan dabbobi ke yi tana kashe ta. Ragon da ke zagaye wuri ɗaya yana karkata kai, sau da yawa wata jaka ce mai ruwa ta tsiro a cikin ƙwaƙwalwarsa, kuma wannan jakar 'yar wata tsila ce da ke girma a hanjin kare. Saboda haka idan ka fasa kai ka ga irin wannan jaka, kada a jefa wa karnuka, a ƙone ko a binne da zurfi, domin karen da ya ci shi ne zai watsa ƙwan a makiyaya.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa: Na ga wani bidiyo a intanet na wasu dogayen tsutsotsi masu jan kai a ƙasan teku, aka ce ba su da baki kuma ba a jikin kowa suke ba. To me suke ci a wurin da ko rana ba ta kaiwa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani gaskiya ne, kuma a ganinmu shi ne ya fi duk misalan nan ban mamaki. A watan Fabrairun 1977 wasu masana duwatsu suka nutse a cikin ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin, a tekun Fasifik kusa da tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado, zuwa zurfin kimanin mita 2,500. Maɓuɓɓugan ruwan zafi suka je nema, ba su ma tafi da masanin halittu ba, sai suka tarar da dandazon halittu a kewayen maɓuɓɓugan, cikinsu har da wannan tsutsa da daga baya aka raɗa wa suna Riftia pachyptila, wadda kan kai tsawon mita 2 a cikin wani farin bututu da take gina wa kanta.

Da Meredith Jones na cibiyar Smithsonian ta Amurka ya feɗe ta, bai sami baki ko hanji ba, sai wata tsoka mai laushi da ta cika cikinta, a cikin tsokar kuma akwai ɓurɓushin farar wuta. A 1980, yana cikin bayanin wannan a Jami'ar Harvard, wata ɗaliba mai suna Colleen Cavanaugh ta ce lallai akwai bakteriya masu rayuwa da farar wuta a cikin tsokar, kuma a 1981 aka wallafa binciken da ya tabbatar da haka. Jan kan da ka gani jini ne, kuma sinadarin da ke cikinsa yana iya ɗaukar iskar oksijin tare da iskar farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a lokaci guda, alhali ita wannan iska guba ce ga yawancin dabbobi. Jinin yana kai su ga biliyoyin bakteriyar da ke cikin tsokar, su kuma su ƙona farar wutar su sami ƙarfin da za su haɗa abinci daga iskar kabon, kamar yadda ganye ke yi da hasken rana, tsutsar ta rayu da abin da suka haɗa da kuma su kansu bakteriyar da take narkarwa.

Akwai abu biyu da bidiyo ba ya faɗa. Na farko, 'yar jaririyar wannan tsutsa tana da baki da ɗan hanji, sai bayan bakteriyar sun shige ta ta fata ne hanjin ke shanyewa bakin ya toshe, kamar yadda wani bincike na 2006 ya nuna. Na biyu, tana girma da sauri ƙwarai, har takan wuce mita 1 cikin shekara biyu, amma ranar da maɓuɓɓugar ta ƙafe, duk dandazon mutuwa yake yi, domin babbar tsutsar ba ta iya tashi daga wurin kuma ba ta da wata hanyar ci. Tana da 'yar'uwa mai suna Osedax, wadda aka gano a 2002 a gaɓar Kalifoniya, ita kuma saiwoyi take kafawa a ƙasusuwan manyan dabbobin teku da suka mutu suka nutse, ta narkar da ƙashin da ruwa mai tsami ta sha abin da ke ciki.

Tambaya, daga wata ɗalibar babbar sakandare a Daura: Malam, an koya mana cewa tsirrai suna numfashi ta wasu ƙananan ƙofofi a ganye da ake kira sitomata. Idan tsiro ba shi da su, ai shaƙewa zai yi ya mutu. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: 'Yata, abin da aka koya miki daidai ne ga yawancin tsirran da kike gani a gona da daji, sai dai ana mantawa a faɗi dalilin da ya sa suke buƙatar ƙofofin, kuma a cikin dalilin amsar take. Babban abokin gābar tsiron tudu bushewa ce. Don haka ganyensa a shafe yake da wani kaki da ke hana ruwa fita, amma kakin da ya hana ruwa fita ya hana iska shiga, ga shi kuwa ganye ba ya haɗa abinci sai da iskar kabon. Wanda ya san yadda birnin Katsina yake a da zai gane lamarin da sauri: ganuwa ta tsare gari, amma dole a bar ƙofofi don fatake su shiga, a kuma sa wa kowace ƙofa mai tsaro da zai buɗe da safe ya rufe da dare ko lokacin tsoro. A ganye masu tsaron ƙwayoyin halitta ne guda biyu a gefen kowace ƙofa, idan suka sha ruwa suka kumbura sai su lanƙwashe ƙofar ta buɗe, idan suka saki ruwan sai ta rufe.

Ƙofofin ƙanana ne ainun, a faɗin milimita ɗaya murabba'i akan sami 100 zuwa ɗaruruwa, kuma duk yawansu ba su cinye fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na faɗin ganye. Amma tsadarsu babba ce, domin duk lokacin da suke buɗe ruwa yana fita a matsayin tururi, har ya kasance fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta jawo ta nan yake salwanta. Gero da dawa, waɗanda suka fi yawancin amfanin gona tattalin ruwa, sukan sha kimanin lita 300 kafin su haɗa kilo 1 na busasshen kara da ganye da hatsi, alkama kuwa takan wuce lita 500. Idan kina so ki ga inda ƙofofin suke, ki tsoma ɗanyen ganyen mangwaro a ruwan zafi, za ki ga ƙananan kumfa suna fitowa ta bayan ganyen, fuskarsa kuwa shiru.

Yanzu ki ɗauki tsiron da ke nutse gaba ɗaya a ƙarƙashin ruwa, irin ciyayin nan masu siraran ganye da masunta ke jawowa a taru a madatsun ruwa irin na Daberam da Ajiwa da Zobe. Shi ba ya tsoron bushewa, saboda haka kakin da ke jikinsa ɗan kaɗan ne, kuma iskar da ta narke a ruwa tana ratsa fatarsa ta ko'ina. Matsalarsa wata ce dabam, domin iskar kabon tana tafiya a ruwa da jinkirin da ya kai ninki 10,000 idan aka gwada da tafiyarta a sarari, shi ya sa ganyensa yake siriri ƙwarai ko a tsattsage, don ruwa ya taɓa ko'ina. Tsirrai irin su Ceratophyllum da Hydrilla haka suke, ba su da ƙofofi masu aiki. Ciyawar teku mai suna Zostera marina ta wuce nan, domin da aka karanta ƙwayoyin gadonta a 2016 an tarar ko umarnin gina ƙofofin babu a cikinsu. Bado shi ne ya fi bayyana ƙa'idar ga mai lura, tunda ganyensa yana kwance ne a kan ruwa, kuma ƙofofinsa suna fuskar da ke kallon sama, akasin mangwaro.

A tudu ma akwai marasa ƙofofi. 'Yan koren tsirran nan da ke shimfiɗa a jikin katanga mai danshi ko a bakin rijiya da damina, ganyen yawancinsu kaurin ƙwayar halitta ɗaya ne, iska da ruwa suna shiga su fita yadda suka ga dama, kuma abin da ya sa ba sa tsayi ke nan, ba sa kuma barin inuwa da laima. Wanda ya fi ba masana mamaki wani ɗan tsiro ne mai suna Stylites andicola, da ke fitowa a dausayin tsaunukan Andis na ƙasar Feru, sama da mita 4,000. Ganyensa yana da kaki mai kauri kuma babu ƙofa ko ɗaya, sai a 1984 Jon Keeley da abokan aikinsa suka nuna cewa ta saiwa yake jawo iskar kabon daga ruɓaɓɓiyar ƙasar da yake ciki, ta bi wasu hanyoyin iska a cikin jikinsa ta hau ganye. Ruwansa ba ya salwanta, amma girmansa a hankali yake, kuma ba ya rayuwa sai a irin wannan ƙasa.

Ki kuma lura cewa ko tsiro mai ƙofofi ba duk jikinsa ke da su ba. Saiwa ba ta da su, daga iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take shaƙar oksijin, shi ya sa gero ke yin rawaya ya lalace idan ruwa ya kwanta a gona kwanaki, shinkafa kuwa ta jure saboda tana da hanyoyin iska daga ganye har saiwa. Kuka takan zubar da ganyenta kaf da rani ta yi watanni a haka, ba ta kuwa daina numfashi ba, ta ɓawonta iska ke ratsawa.

Tambaya, daga wani dattijo manomi a ƙasar Mani: Na ji an ce tsiron da ke ci a jikin wani ba ya buƙatar waɗannan ƙofofi. To ƙuduji da ya addabi dawarmu da geronmu, shi ma ba shi da su ke nan?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar gaskiya ce ga tsirran da suka bar haɗa abinci gaba ɗaya. Akwai wani a dazuzzukan Indonesiya mai suna Rafflesia, wanda furensa kan kai faɗin mita 1, amma ba shi da ganye ko kara ko saiwa, jikinsa zare ne kawai a cikin jikin wata kurangar daji, sai lokacin fure yake ɓullowa. Akwai kuma wasu fararen tsirrai marasa kore a dazuzzukan Turai da Amurka waɗanda ƙofofinsu ko dai babu, ko 'yan kaɗan ne.

Ƙuduji kuwa akasin haka yake, kuma a nan sharrinsa yake. Yana da ganye kore, yana da ƙofofi, kuma ba ya rufe su yadda sauran tsirrai ke yi. Idan fari ya kama, dawa takan fitar da wani sinadari a jikinta wanda ke umartar ƙofofinta su rufe don ta tattala ruwa, amma ƙuduji ba ya jin wannan umarni, kuma a 2019 wasu masana daga Japan da Sudan suka gano sinadarin da ke jikinsa wanda ya toshe hanyar saƙon. Tunda saiwarsa a haɗe take da jijiyar ruwa ta saiwar dawa, duk tururin da ya fita ta ganyensa yana jawo wani ruwan ne daga jikin dawar, tare da takin da ke cikinsa, saboda haka a ranar da dawa ta fi ƙishi, a ranar ya fi zuƙarta. Kaucin da ke kan itatuwa ma dabararsa ke nan. Yawan tururin yana kuma sanyaya ganyen ƙuduji, har a ƙarshen shekarun 1980 aka gwada fesa masa wani shafi mai toshe ƙofofin, zafin rana ya ƙone shi. Wannan bai zama maganin da manomi zai dogara da shi ba, domin kafin ƙuduji ya leƙo sama ya riga ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana cin saiwa, kuma mafi yawan ɓarnar a lokacin ake yin ta.

Abin da ya fi amfani shi ne a kama shi ta wajen iri. Tushe ɗaya yakan zubar da dubun-dubatar iri masu laushin ƙura, waɗanda kan zauna a ƙasa fiye da shekara 10, kuma ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar tsiro ke fitarwa, wanda a 1966 aka fara tace shi daga saiwar auduga. Auduga da waken suya da gyaɗa suna fitar da shi, irin ƙuduji ya tsiro, ya rasa saiwar da zai kama, cikin 'yan kwanaki ya mutu, shi ya sa juya shuka da su ke rage shi a gona shekara bayan shekara. A haɗa wannan da cire shi kafin ya yi fure, a fitar daga gona a ƙone, da zuba takin gargajiya, tunda ƙasar da ta gaji ce ya fi yi wa illa, da kuma neman irin dawa da masara masu jure masa waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar. Sai dai a lura cewa wake yana da nasa ƙudujin dabam, wanda ba ya kama dawa, don haka gonar da aka ga yana fitowa a gindin wake a huta da shuka wake a cikinta, ko a nemi irin da ke jure masa.